Ƙafa ɗaya ta shanye, ɗayar kuma ta daina jin raɗaɗi: muhawara kan laka da hanyoyinta

Ɗalibar Likitanci:
Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya shige mini duhu a karatun laka. An ce idan rauni ya yanke rabin laka na dama a tsakiyar baya, ƙafar dama ce za ta shanye, amma ta hagu ce za ta daina jin raɗaɗi da zafi da sanyi. Yaya rauni ɗaya zai raba ɓarnarsa tsakanin ƙafafu biyu? Na haddace, amma ban gane ba.

Malamin Sassan Jiki:
Wa alaikumus salam. Haddar ce ta wahalar da ke. Bari mu fara da ita kanta lakar. Tana tasowa daga babban ramin da ke gindin ƙoƙon kai, inda ta haɗe da medula, wato sashen ƙwaƙwalwa na can ƙasa, ta gangaro cikin kororon ƙashin baya. A baligi tsawonta santimita 42 zuwa 45 ne, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Idan aka yanka ta a gicciye za ki ga sashe mai launin toka a tsakiya, da siffar harafin H, sai farin sashe ya kewaye shi. A mai tokar ne ƙwayoyin jijiya suke zaune: ƙahon gaba na masu motsa tsoka, ƙahon baya na masu karɓar saƙon ji. Farin kuwa zaruruwa ne zalla, masu hawa da masu sauka.

Hanyoyi uku ki riƙe, kuma a kowace ki tambayi abu ɗaya: a ina take tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren?

Hanyar umarni, mai saukowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, tana tsallakawa tun a medula, kafin ta shigo laka. Kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na zaruruwanta a can suke canza gefe. Don haka a cikin laka, umarnin ƙafar dama yana bin gefen dama.

Ginshiƙan baya, masu ɗaukar sanin inda gaɓa take, da jin girgiza, da taɓi mai laushi, suna hawa a gefen da suka shigo, ba sa tsallakawa sai sun kai medula. Su ma na dama a dama suke.

Ta uku ita ce ta saɓa wa 'yan'uwanta. Hanyar raɗaɗi da zafi da sanyi tana shiga ƙahon baya, ta miƙa saƙo ga ƙwaya ta biyu, nan take wannan ta tsallaka ta gaban tsakiyar laka, sannan ta hau zuwa talamus, tashar saƙon ji a cikin ƙwaƙwalwa. Ke nan raɗaɗin ƙafar hagu a gefen dama yake hawa. To yanzu ki yanke rabin dama, ki lissafa abin da kika katse.

Ɗalibar Likitanci:
Umarnin dama, sanin matsayin gaɓa na dama, da raɗaɗin hagu. Allah ya saka da alheri Malam, ashe abin lissafi ne.

Likitan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi:
Ranka ya daɗe Malam, zan ƙara biyu. Zaruruwan raɗaɗi ba a daidai inda suka shigo suke tsallakawa ba, sukan ɗan hau mataki ɗaya ko biyu tukuna. Shi ya sa rashin jin raɗaɗi a ƙafar hagu yake farawa ƙasa kaɗan da inda raunin yake. Mai auna ji da tsinke, idan bai san wannan ba, zai sauke raunin ƙasa da inda yake. Na biyu, wannan yanayin da Brown-Séquard ya bayyana a wajen 1850 da wuya a gan shi cif yadda littafi ya zana. Wuƙa ba ta bin layin tsakiya. Abin da aka fi gani shi ne gefe ɗaya ya fi rashin ƙarfi, ɗaya gefen ya fi rashin jin tsinke, sauran alamun a cakuɗe. Amma cikin raunukan laka da ba su yanke ta duka ba, yana cikin waɗanda aka fi sa ran mai shi zai sake takawa.

Likitan Ƙashi:
Kafin a yi nisa, a raba wa ɗalibai lambar ƙashi da lambar laka, don nan ne ake tafka kuskure a rubutun fayil. Ƙasusuwan baya 33 ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso, 5 da suka manne suka zama ƙashin tsatso, sai ƙananan na can ƙarshe, galibi 4. Jijiyoyin da ke fita daga laka kuwa tagwaye 31 ne: 8, 12, 5, 5, 1. A rubuce, C na wuya ne, T na ƙirji, L na kwankwaso, S na tsatso, ana ƙirgawa daga sama. Ita laka ba ta kai ƙarshen kororon, tana ƙarewa a wajen L1 zuwa L2, saboda ƙashi ya fi ta saurin tsawo tun a ciki. Jariri sabon haihuwa tasa tana kai wajen L3.

Sakamakon haka, matakin laka galibi yana sama da ƙashin da suke suna ɗaya. A ƙasan wuya ka ƙara ɗaya, a saman ƙirji biyu, daga T7 zuwa T9 uku, ƙasa da nan tazarar sai ƙaruwa. Karayar T12 matakin L5 na laka take fuskanta, karayar L1 kuma matakan tsatso, wato na fitsari da bayan gida. Wanda ya rubuta "rauni a T12" bai ce ƙashi ko laka ba, bai faɗa wa na bayansa komai ba.

Ɗalibin Jinya:
Dakta, yaya aka yi wuya yake da ƙashi 7 amma jijiya 8?

Likitan Ƙashi:
Ta farko tana fita tsakanin ƙoƙon kai da ƙashi na farko. Daga C1 zuwa C7 kowace a saman ƙashinta take fita. Sai a sami wadda ta fita ƙarƙashin ƙashi na bakwai, ita ce C8. Daga T1 zuwa ƙasa kowace a ƙasan ƙashinta take fita.

Likitar Allurar Barci:
Maganar inda laka take ƙarewa ita ce rayuwarmu a ɗakin tiyata. Ƙasa da L2 babu laka, sai saiwoyin jijiya suna iyo a cikin ruwa, waɗanda ake kira jelar doki. Allura idan ta shiga nan saiwoyin sukan kauce mata. Shi ya sa ɗiban ruwan baya don gwajin sanƙarau, da allurar kashe rabin jiki, ake yin su tsakanin L3 da L4 ko L4 da L5. Allurar tana ratsa fata, kitse, jijiyoyin ɗauri biyu na tsakanin ƙasusuwa, sai jijiyar ɗauri mai ruwan ɗorawa wadda hannu yake jin taurinta, sai sararin da ake zuba maganin efidural, sai tantanin dura mai kauri da na biyu mai manne da shi. Ana huda su ruwa zai fara ɗigowa, garau. Gaba ɗaya ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka wajen mililita 150 ne, jiki kuma yana yin kusan 500 a rana, don haka 'yar kwalbar da aka ɗiba ba ta rage komai.

Malamin Sassan Jiki:
Kuma gane wurin ba wuya: layin da ya haɗa saman ƙasusuwan ƙugu biyu yana ratsa L4.

Likitar Allurar Barci:
A gawa da hoton ƙashi haka ne, Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. A jikin mai rai, musamman mai ƙiba ko mai juna biyu, yatsa yana taɓa nama ne kafin ƙashi, sai layin ya hau sama. Sau da yawa mai allura yana sama da inda yake zato da mataki ɗaya, wani lokaci biyu. Ga shi kuma akwai mutanen da lakarsu take sauka har ƙasan L2. Idan waɗannan biyu suka haɗu a mutum ɗaya, allura ta sami laka. Don haka ƙa'ida ita ce idan kana shakka ka sauka ƙasa, kuma idan majiyyaci ya yi ƙara cewa wani abu ya tsarga masa ƙafa, ka tsaya, kada ka tura magani.

Malamin Sassan Jiki:
Na karɓa. Layin na nuni ne, ba na rantsuwa ba.

Ungozoma:
Dakta, mata da yawa suna ƙin allurar baya lokacin tiyatar haihuwa, suna cewa tana barin ciwon baya na har abada ko ta shanye ƙafa. Me za mu ce musu ba tare da mun yi ƙarya ba?

Likitar Allurar Barci:
Sista, ki ce musu wurin zai iya yin tsami na 'yan kwanaki. Ciwon baya mai daɗewa bayan haihuwa yana samun wadda aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba, ciki da goyo sun isa su kawo shi. Abin da allurar take jawowa da gaske shi ne faɗuwar hawan jini nan take, da ciwon kai idan ruwa ya ci gaba da yoyo ta hudar: yana tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta. Siririyar allura mai bakin fensir tana rage shi sosai. Shanyewa kuwa abu ne mai wuyar aukuwa, kuma yawanci jini ne ya taru ya danne jijiyoyi, shi ya sa muke tambayar maganin tsinka jini. Alamar da ba a wasa da ita: awa huɗu sun wuce mace ba ta iya ɗaga ƙafa ba, ko ƙarfin ya dawo ya sake tafiya. A kira likita a lokacin, ba da safe ba.

Mai Gashin Ƙashi:
Ina so a taɓo aikin da laka take yi ita kaɗai, don shi ne yake ruɗa dangin majiyyaci. Mutum ya karye a T6, ƙafafu ba motsi. Bayan makonni, ana jan zanin gado sai ƙafar ta zabura ta lanƙwashe, ko a dafa tafin ƙafa ya kama kaɗawa. Sai murna ta kaure, an ce ya fara motsi. Alhali ka ce masa ya ɗaga babban yatsa, shiru.

Abin da ya faru shi ne lakar da ke ƙasan raunin tana raye. Saƙo yana shiga ta saiwar baya, ya faɗa kan ƙwayar ƙahon gaba, umarni ya fita ta saiwar gaba, ƙwaƙwalwa ba ta sani ba. Bugun gwiwa da gudumar roba haka yake: mahaɗa ɗaya tak, a L3 zuwa L4. Na agara S1, na gaban damtse C5 da C6, na bayan damtse C7. Da can ƙwaƙwalwa ce take taka wa waɗannan birki. Da aka yanke hanya sai suka yi yawa, tsoka ta sanƙare.

Likitan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi:
Nan ne bambancin da ya fi kowane amfani a gefen gado. Idan ɓarnar tana kan hanyar umarni, sama da ƙahon gaba: tsoka a sanƙare, bugun gwiwa da ƙarfi, kuma in ka karci tafin ƙafa daga diddige ta gefen waje, babban yatsa sama zai yi, alamar da Babinski ya bayyana a 1896. Idan kuwa ƙwayar ƙahon gaba ce ta mutu, ko saiwarta: gaɓa ta yi laƙwas, bugu ya ɓace, tsoka ta rame da sauri. Shan inna misali ne tsantsa, ƙwayar cutar ƙahon gaba take ci. Shi ya sa ƙafar take sirancewa amma yaron yana jin taɓi da tsinke sarai.

Tarko ɗaya: a kwanakin farko bayan mummunan rauni, komai na ƙasan raunin laƙwas yake, ba bugu ko ɗaya, ko da hanyar umarni ce ta yanke. Lakar ce ta suma. Sanƙarewar sai daga baya, kwanaki zuwa makonni. Kada a yanke hukunci a wannan tsakanin.

Ɗalibin Jinya:
To a jiki ta yaya ake gane matakin ba tare da hoto ba?

Likitan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi:
Da tsinke da auduga, kana tafiya daga inda ba ya ji zuwa inda yake ji. Babban yatsan hannu C6, na tsakiya C7, ƙarami C8. Kan nono T4, cibiya T10, matsematsi L1. Idon sawu na ciki L4, bayan ƙafa wajen babban yatsa L5, gefen diddige na waje S1, kewayen dubura S4 da S5. Sai ka gwada ƙarfi: lanƙwasa gwiwar hannu C5, ɗaga wuyan hannu C6, miƙe gwiwar hannu C7, damƙa C8. Mataki ɗaya a wuya ba ƙaramin abu ba ne. Mai C7 yana iya dafa hannu ya tashi daga gado zuwa keke, mai C5 sai an ɗauke shi. Sama da haka kuma maganar numfashi ce, don tantanin numfashi daga C3, C4 da C5 yake samun umarni.

Babbar Ma'aikaciyar Jinya:
Likitoci sun yi ta lissafin motsi da ji, sun bar abin da yake kashe mutane a ɗakin jinya. Akwai ƙaho na uku a gefe, daga T1 zuwa L2, mai kula da matsewar hanyoyin jini da bugun zuciya. Mai rauni a T6 ko sama, bayan suman laka ya wuce, wata rana zai ce kansa yana sarawa kamar zai fashe. Ki duba: fuska ta yi ja, gumi yana tsattsafowa daga wuya zuwa sama, hanci ya toshe, ƙafafu kuwa sanyi ƙalau, bugun zuciya ya ragu. Ki auna jini. Waɗannan mutane jininsu na yau da kullum ƙasa yake, lambar sama wajen 90 zuwa 110, don haka ƙarin 20 zuwa 40 a kai ya isa haɗari, ko da lambar ba ta ba ki tsoro ba.

Wani abu ne yake damun jiki a ƙasan raunin, shi bai ji ba, laka ta ji ta matse hanyoyin jini, saƙon sassautawa daga sama kuma ba ya wucewa. Kada ki kwantar da shi. Ki zaunar da shi tsaye, ƙafafu a ƙasa, ki kwance duk abin da ya matse shi. Ki fara da mafitsara, ita ce kan gaba: robar fitsari ta lanƙwashe, ta toshe, ko jaka ta cika. In ba ita ba ce, bayan gida ne ya taru. In ba shi ba, ki duba gyambon kwanciya, farcen da ya shige nama, ko wani abu da ya kwanta a kai. Ana auna jini duk minti biyu zuwa biyar. In bai sauka ba a ba da maganin sauke jini mai saurin aiki. An bar shi, jini yana iya fashewa a ƙwaƙwalwa.

Sauran kuma aikin kullum ne: juyi duk awa biyu, zuƙe fitsari da roba duk awa huɗu zuwa shida, kada a bar ya wuce mililita 500.

Likitan Gaggawa:
Gaskiya ne Hajiya. A ranar farko kuma akasin haka ake gani: jini ya faɗi, zuciya na tafiya a hankali, fata da ɗumi. Wanda ya zubar da jini zuciyarsa gudu take, jikinsa sanyi. Amma mai haɗarin mota zai iya haɗa biyun, don haka a nemi zubar jini tukuna kafin a ɗora wa laka. Kuma a riƙe matsakaicin hawan jini sama, an daɗe ana nufin 85 zuwa 90 a makon farko, don laka mai kumburi ba ta jure ƙarancin jini.

Ɗalibin Jinya:
Ba a ba da allurar sitiroyid mai yawa a awa takwas na farko? Na ga haka a wani tsohon rubutu.

Likitan Gaggawa:
An yi yayinta bayan 1990. Yanzu yawancin masana sun bar ta a matsayin abin yi ga kowa. Amfanin da aka gani kaɗan ne kuma ana jayayya a kansa, illar kuwa a fili take: ciwon huhu, ƙwayoyin cuta a jini, zubar jini a ciki.

Likitan Ƙashi:
Ban ce a dawo da ita ga kowa ba, amma ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Akwai masu ganin za a iya ba matashi mai lafiya na awa 24 kacal idan ya iso cikin awa takwas. Inda ba na jayayya shi ne tiyata: idan ƙashi ko faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana danne laka, a ɗauke shi cikin awa 24 in da hali.

Likitan Gaggawa:
A kan tiyata muna tare, Dakta. A kan allurar kuwa kowa ya riƙe nasa. Abin da ya fi su duka arha shi ne ɗauko mutum daidai: kai da wuya da gangar jiki a layi ɗaya, mutum ɗaya riƙe da kai yana ba da umarni, uku suna juyawa tare. Ba a zaunar da shi, ba a kama hannu da ƙafa a cusa shi a mota. Wata karayar ba ta taɓa laka a wurin haɗari ba, sai a hannun masu taimako.

Malamin Sassan Jiki:
Tunda an ambaci jini: gaban laka jijiyar jini ɗaya ce take ciyar da shi, kashi biyu cikin uku na kaurinta, baya kuma guda biyu. Ta gaban tana samun ƙari a hanya, mafi girma ita ce ta Adamkiewicz, galibi daga hagu, tsakanin T9 da T12. In ta toshe, kamar a tiyatar babbar jijiyar jini ta ciki, ɗalibarmu ta gaya mana abin da za a gani.

Ɗalibar Likitanci:
Ƙafafu biyu za su shanye, raɗaɗi da zafi su tafi a duka biyun, amma zai san inda yatsansa yake, zai ji girgiza, tunda ginshiƙan baya da nasu jinin.

Likitan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi:
Daidai. Juya shi kuma: ƙarancin bitamin B12 ginshiƙan baya yake fara ci, tare da hanyar umarni. Mutum yana tafiya yana kallon ƙafarsa, in ya rufe ido ko wuta ta ɗauke sai ya yi tangaɗi. A kama shi da wuri allura tana gyarawa, a makara ya zauna. Sai tsoho mai sanƙararren wuya da ya faɗi ta fuska, kai ya lanƙwashe baya: tsakiyar laka ce take ƙujewa, hannaye su fi ƙafafu mutuwa. Yana iya takawa amma ba ya iya riƙe cokali, har a zaci raki ne.

Mai Gashin Ƙashi:
Tambayar da dangi ba sa fasa yi: tana warkewa?

Likitan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi:
Jijiyar hannu ko ƙafa in an ɗinke ta tana tsirowa, wajen milimita ɗaya a rana, don ƙwayoyin da ke naɗe da ita suna share mata hanya. A cikin laka ba haka ba: tabo yana tare wurin, rufin zaruruwan kansa yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsiro. Sauƙin da ake gani daga zaruruwan da suka tsira ne, kumburi ya sauka, atisaye ya koya musu ƙarin aiki, kuma mafi yawansa a wata shida zuwa shekara ta farko yake zuwa.

Shi ya sa gwajin dubura ba abin tsallakewa ba ne, duk da nauyinsa ga majiyyaci da mai gwajin. Matakan S4 da S5 su ne na can ƙarshe. Idan yana jin tsinke a wurin, ko yana jin yatsa ya danna ciki, ko yana iya matsewa da kansa, to wani saƙo yana ratsa raunin daga ƙarshe zuwa ƙwaƙwalwa, raunin bai cika ba, ko da ƙafafu ba sa motsi. A ma'aunin ASIA na tsananin raunin laka, wannan ne yake fitar da mutum daga A, wato cikakken rauni, zuwa B ko sama, kuma hasashen ya bambanta ƙwarai. A maimaita shi bayan awa 72, na ranar farko ba a cika dogara da shi ba.

Ungozoma:
Mai ciwon baya da ya sauka ƙafa fa, yaushe ne abin ya wuce na maganin shafawa?

Likitan Ƙashi:
Faifan da ya ɓullo, yawanci tsakanin L4 da L5 ko L5 da S1, saiwa ɗaya yake dannewa, kuma mafi yawa suna lafawa cikin makonni shida zuwa goma sha biyu ba tiyata. Amma ki tambayi abu huɗu: ciwon ya koma ƙafafu biyu? Tsakanin cinyoyi da wurin zama ya mutu, har ba ta jin ruwa in tana tsarki? Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ta sani ba? Bayan gida yana kuɓucewa? Ko ɗaya aka samu, jelar doki ce aka danne. A auna fitsarin da ya rage bayan ta yi, a yi hoton MRI a ranar, a kira mai tiyata. Kada a jira fitsari ya fara zuba da kansa, lokacin mafitsara ta riga ta cika ta batse, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.